Inna Furera, Bakin Kuramen Gwarzo da Kabo

Kafin mutanen Getso su gama karin kumallo, Inna Furera Mijinyawa ta riga ta tsoma hannayenta cikin ruwan ɗumi. Takan yi kusan rabin awa tana murza su a kwano, yatsa bayan yatsa, har su yarda su lanƙwasu. Daga nan ta shafa man zafi, ta zura hijabi, ta fito bakin titi ta tari ɗan acaɓa. Yau asibiti, gobe kotu, jibi ƙofar gidan mai unguwa inda ake rabon gona. Duk inda kurma yake da magana a ƙasar Gwarzo da Kabo, ita ce bakinsa, ita ce kunnensa. Shekara talatin da huɗu ke nan, babu takardar ɗaukar aiki, babu ko benci da aka ce nata ne.

Ba a makaranta ta koya ba. Mahaifiyarta kurma ce, 'yar makiyayan da suka zauna suka kama noma, don haka da hannu aka yi wa Furera tatsuniya, da hannu aka yi mata faɗa. Dattawan Garo har gobe suna ba da labarin ranar kasuwar da aka rutsa wani kurma, Malam Salisu, da zargin satar akuya. An riga an ɗaga sanduna sai ga ta ta ratso taron, ta tsaya a gabansa ta kalli hannunsa. Ashe bawan Allah shi ne ya ga ɓarawon, hanyar da ya bi yake ta nuna musu tun ɗazu. Da ta yi jinkirin minti biyar, da wani zance ake yi.

Amma inda aka fi sanin gwanintarta shi ne ɗakin awo. In ta shiga da mace wurin nas, ba ta fara tambaya sai ta san yadda ta yi da 'yan rakiya. Sai ta dafe wuya ta dubi uwar miji.

"Hajiya, don Allah taimaka ki samo mini ruwa. Maƙogwarona ya bushe ƙamas."

Ba ƙishirwa take ji ba. Ta san tarbiyyar gidajen nan, don a ciki ta tashi: mace ba ta faɗin ciwo a gaban surukai, balle mai cikin fari. Ko kanta zai rabe biyu, "da sauƙi" za ta ce. Sai tsohuwa ta ba da baya sannan Inna Furera ta kamo haɓar yarinya, ta nuna mata da hannu cewa ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Nan take sai ka ga gaskiya ta fito. Nas-nas suna tsokanarta, wai ta shanye rijiyoyin Kabo kaf.

Ke ce, Inna, mai jin abin da ba a faɗa ba. Ke ce kika hana mu binne mata da yawa waɗanda ko sunayensu ba mu sani ba. Mu kuwa, kaico, ba mu taɓa tambayar wa zai tsaya in kin zauna ba.

Sai ga sanyin ƙashi ya kama ta. Gaɓoɓin yatsun suka kumbura, suka fara karkacewa. Likita bai ɓoye mata ba: abin ba ya komawa baya, sai dai a rage masa gudu. Ranar ta dawo gida ko abinci ba ta iya ci ba. Ba zafin ne ya dame ta ba, tunanin mutanenta ne, don in hannun nan ya ƙage, kurame sama da ɗari sun koma ba su da baki.

A wannan hali Badaruddeen ya yi sallama a ƙofarta. Mutumin Kabo ne, injiniya, yana koyarwa a Kano, yayarsa kuma kurma ce. Ya zaro wata baƙar safar hannu mai siraran wayoyi a bayan kowane yatsa.

"Inna, safar nan tana jin motsin yatsu. Kurma ya sa ta ya yi magana, sai wayar salula ta faɗa da baki."

"To ai ka gama. Me ya kawo ka wurina?"

"Maganar hannu irin ta makarantun birni kawai ta sani. Na kai wa yayata, ta yi ta nuni, waya ta yi gum. Ko gero irin namu ba ta gane ba."

Ta juya safar, ta yi dariya. "Wato magajiya ka kawo mini tun ban mutu ba."

Ta karɓa da hannu biyu. Wata goma sha takwas tana sa safar nan, kowace alama sai ta maimaita sau ashirin kafin na'ura ta riƙe. Gero, dawa, haihuwa, jini, ciwon kai, gaisuwar mutuwa. Wani lokaci hawaye na zuba don azaba, tana cewa a ci gaba. Likita ya ce ta huta da hannun, ta ce hutu yana gaba. Ita ce kuma ta ba wayar muryarta, don mutanen karkara su ji muryar da suka saba da ita. Abu ɗaya ta yi ta nanatawa.

"Badaru, abin nan naka makaho ne fa. Rabin maganar kurma a fuska take."

"Na sani, Inna. A zagaye na biyu za mu haɗa da kyamara, in Allah ya so."

Da damina ta kankama aka ajiye safar a wani ƙaramin asibiti don gwaji. Makon nan sanyi ya kwantar da Inna Furera, ko buta ba ta iya ɗauka. Kowa ya ce ta kwantar da hankalinta, ai ga safa. Ranar awo sai ga Badi'a daga Masanawa, kurma, cikin fari wata takwas, uwar mijinta na biye da ita. Mata sun kai sittin a layi, nas ɗaya ce, Naja'atu, abin awon hawan jini kuma ya lalace. Naja'atu ta sa wa Badi'a safar, ta nuna mata kai, ta nuna ciki, ta buɗe tafin hannu alamar tambaya. Badi'a ta saci kallon tsohuwar da ke tsaye a kanta, ta motsa yatsu. Waya ta ce, da muryar Inna Furera, "Lafiya lau. Da sauƙi."

Aka ba ta maganin ƙarin jini, aka sallame ta. Kwana biyu tsakani jijjiga ta kama ta a tsakar gida tana tankaɗe. Kafin a samo mota a kai ta Gwarzo, ɗan ya riga ya koma. Ita dai aka samu da ƙyar.

Naja'atu ta zo har Getso tana kuka. "Wallahi Inna, sau biyu na tambaye ta. Muryarki na ji, shi ya sa na yarda."

Badaruddeen kuwa ya rantse sai ya cinna wa safar wuta. Inna Furera ta hana shi.

"Ba ta yi ƙarya ba, ɗana. Abin da aka faɗa mata ta faɗa. Ita dai ba ta iya jin ƙishirwa ba ne."

Da Inna Furera ta ɗan samu sauƙi ta sa aka kai ta Masanawa gaisuwa. Ta shiga ɗakin Badi'a, suka zauna su biyu. Yarinyar ta ɗaga hannu a hankali ta faɗa mata komai: kwana huɗu kanta yana sarawa, idonta yana ganin duhu-duhu. Ta ce a asibitin ta yi ta kallon ƙofa, tana jiran Inna ta shigo ta aiki tsohuwa ɗebo ruwa. Inna Furera ta ɗaga nata hannun za ta ce mata ta yi haƙuri, yatsun suka ƙi. Ta sake gwadawa, suka ƙi. Sai kawai ta riƙo hannun yarinyar ta ɗora a cinyarta, suka zauna a haka har aka kira la'asar.

Inna, ba laifinki ba ne. Kin ba mu ƙuruciyarki, kin ba na'ura ragowar yatsunki, har muryarki kin bayar. Laifin namu ne, mu masu kunne da baki, da muka ɗora al'umma guda a kan hannun mace ɗaya shekara talatin da huɗu, muna ta "Allah ya saka" muna wucewa. Da muka ga ta gaza, maimakon mu miƙa namu hannun, sai muka yi murna an samo safa. Mun gode, Inna Furera. Allah ya saka miki da Aljanna, ya sanyaya miki gaɓoɓin nan, ya yafe mana sakacinmu.

Tun bayan gaisuwar nan ta sa aka yi shela a masallatai uku: duk mai son koyon maganar hannu ya zo zaurenta ranar Asabar da hantsi, kyauta. Makon farko mutum tara suka zo. Na biyu huɗu. Yanzu Badaruddeen ne da Naja'atu, in aiki ya bar su. Haba jama'a! Babu gidan da ya fi ƙarfin a haifi kurma a cikinsa. Malaman makaranta, ungozomomi, matasan da ke zaman majalisa tun safe, ku je ku koya, ku koyi har da kallon fuska.

In za ku je, kada ku ce sai an gama girbi. Asabar ɗin da ta wuce, da ta zo koya musu alamar "ina ciwo", sai da ta kama yatsun Naja'atu ta lanƙwasa su ɗaya bayan ɗaya, domin nata sun daina yi.