Littafin Malam Lawwali

Har gobe ban manta da Alhamis ɗin da Balki ta yi gudunta na ƙarshe ba, kuma duk sanda na tuna sai na yi istigifari don raina ya lafa.

Kafin in ajiye aiki in zauna gida, ni ce matiron, wato mai kula da ɗakin kwanan ɗalibai, a wata makarantar 'yan mata a Kaura Namoda. A zango na biyu akan haɗa makarantun Kaura da Shinkafi da Zurmi a yi gasa. A gudun zagaye ɗaya na fili, wadda ta zo ta ɗaya kaɗai ake kaiwa Gusau. Balki 'yar Kurya Madaro ce, tana ajin ƙarshe, wato in ta rasa wannan ta rasa ke nan.

Malam Lawwali ne malamin wasanni. Kullum da la'asar yana bakin fili da agogo da ɗan littafi, ya duba ya rubuta ya rufe. In wani ya ce, "Malam, ɗiyar ga akwai gudu," sai ya taɓe baki a gabanta ya ce, "Wa? Wagga? Tashi gare ta kamar barewa, amma ba ta kai ƙarshe. Ga kwanar nan take mutuwa." Mako shida ina jin wannan, har dariya na yi wata rana. Allah Ya yafe mini.

Ranar gasa da safe na kai mata kunu, na tarar tana ɗaura igiyar takalmi bakinta yana motsi. Na ɗauka addu'a take, na matsa in ce amin. Sai na ji tana cewa, "Ke dai Balki kar ki ba mutane kunya, kin san ba ki kai ƙarshe." Na ce, "Ɗiyata, mi kike faɗi haka?" Ta yi murmushi ta ce, "Ba komai, Inna." Aka busa usur, ban samu na ƙara ba.

Da aka tashi, ta ba sauran tazarar da har mutanen Zurmi suka miƙe suna mata tafi. Tana isa kwanar ƙarshe sai ta waiga. Ta sake waigawa, ta rage gudu kamar mai jiran a zo a karɓi abin da ba nata ba. Wata yarinya ta Shinkafi ta zo ta wuce ta.

Ni na riƙe ta a bakin layi. Na yi shekaru ina riƙe yaran da suka gaji, na san yadda ƙirjinsu ke bugawa. Balki ko haki ba ta yi sosai. Ta ce, "Inna, daidai inda Malam ke faɗi na ji ƙafafuna sun yi nauyi."

Ban taɓa ɗaga wa namiji murya a wurin aiki ba sai ran nan. Na same shi a gindin darbejiya na ce, "Malam, ka ji daɗi? Abin da kake kira ya zo." Sai ya buɗe littafin ya miƙo mini. Ya ce tunda yake aikin nan bai taɓa rubuta lokacin gudu mai sauri irin nata ba. "Hajiya, baki nike mata tsoro. In na yabe ta cikin mutane, wani ya sa mata ido, mi zan ce ma uwayenta?"

Na ce, "Ka tsare ta daga bakin mutane, ka bar ta da naka mako shida? Addini bai hana yabo ba, Malam. Masha Allahu aka ce mu ce. Ko ita kaɗai, ka kira ta gefe ka nuna mata mana."

Na karɓi littafin na kai wa Balki. Ta daɗe tana bin layukan da yatsa, sannan ta ɗago ta ce, "Ashe ina iyawa, Inna?"

Ku da kuke aiki da yara yanzu, mu nan mun saba kushe abin da muke so don gudun baki, kuma babba ya san wasa ne. Yaro bai sani ba. Ɗauka yake ya mayar da shi abin da zai riƙa faɗa wa kansa, ya shiga fili da shi. Motar Gusau ta tashi ranar Litinin, Balki tana ɗaki tana ninke kayan wasanta.