Tafiyata Agadas da damanar da na yi ni kaɗai

Shekarun baya, tun ɗiyata ba ta isa shiga lakol ba, wato makarantar boko, na yi wata tafiya da ba kasafai nake zancenta ba. Yau dai na ga gara in ba ku labarin, tunda abin ya daɗe da wucewa.

Lokacin ina zaune a ƙauyenmu, kusa da Cadawa. Mijina ya tafi Libiya neman aiki. Da farko yana kira, daga baya lambarsa ta daina shiga, ba saki ba labari. Na koma ɗakin mahaifiyata da 'yar ƙaramar yarinya. Shekarar gero bai yi ba, tun kafin bazara muke sharar ƙasan rumbu. Ranar kasuwa nakan kai ƙuli-ƙuli Cadawa in samo mana abin miya.

A nan wata Hajiya ta fara tsayawa wurina, mai fara'a, mai haƙorin Makka. Ta saya, ta yi wa ɗiyata wasa, ta tafi. Wata kasuwar ta dawo ta zauna.

"Ke da ƙuruciyarki za ki ƙare a bakin kasko?" in ji ta. "Akwai gidajen manya a Agadas, suna neman mai aiki mai tsabta. Ci da kwana duk nasu ne. Ki taho da yarinyar ma, ai ba a raba uwa da ɗiya."

Wannan maganar ta ƙarshe ita ta kama ni. Da na gaya wa mahaifiyata, tana tsintar wake, sai ta ce, "Ni dai hankalina bai kwanta da matar da ba mu san gidan ubanta ba." Ni kuwa mai wayon gari na ce, "Haba Inna, matar da ta je Makka?" Iyakar binciken da na yi ke nan, haƙori.

A Agadas aka sauke mu wani gida a bakin gari, mai doguwar katanga da ƙofar ƙarfe, da wani mutum zaune a bakinta. Mata ne cike, kuma kowace da ƙaramin yaro. Na tambayi aiki, aka ce gobe. Goben ta yi, aka sake cewa gobe. Rannan muna wanki da wata 'yar wajen Gangara, sai ta matso ta rage murya.

"'Yar'uwa, babu wani aiki. Yaran suke so. Aljeriya ake kai su bara a bakin titi, a haɗa su da wasu mata su zama kamar uwayensu. Nawa ɗan ya yi gaba, an ce in jira mota ta biyu. Har yau jira nake."

Ban gama haɗiye wannan ba, Hajiya ta shigo ta ce gobe da safe ɗiyata za ta bi motar farko. Na ce, "Hajiya, ba ke kika ce ba a raba uwa da ɗiya ba?" Ta dube ni, babu fara'ar nan ko kaɗan. "Wa ya ce rabawa ce? Gaba kawai za ta yi."

Akwai wata mata da take kawo mana wake da shinkafa na sayarwa da rana. Baƙuwa ce daga ƙasashen bakin teku, Hausarta a karye, da ɗan gicciye a wuyanta. Ban taɓa ce mata komai ba sai gaisuwa. Ranar ina miƙa mata kwano hawaye suka zubo mini. Ta dube ni, ta dubi yarinyar, ta ce a hankali, "Goya ta. Ɗauki robar nan, ki raka ni titi." Na goya ɗiyata, na ɗora robar abinci a kai. Mai gadi na kwance a inuwa, ta miƙa masa kwano cike da nama a sama, ta ce zan taya ta kaya. Ya ɗaga hannu kawai. Muka sha kwana, ba mu waiwaya ba.

Majami'arsu ta kai ni. Ina ganin gicciye a saman ginin na ja na tsaya. Tun muna yara muke jin labarai iri-iri kan abin da ake yi a ciki, don haka na kafe a tsakiyar rana da goyo, ina karanta duk addu'ar da na iya, har da ta shiga kasuwa. Wata dattijuwa ta fito, ta fahimci abin da ke damuna, ta ce da Hausa mai kyau, "Ba sai kin shiga nan ba, ɗiyata. Akwai ɗaki a baya." Ta kai ni, ta kawo buta da tabarma, ta nuna mini gabas.

Da la'asar fastonsu ya raka ni wurin jandarma. Ni da ko buro, wato ofishin magajin gari, ban taɓa shiga ba, na rasa ta inda zan fara. Faston ya ce in yi a hankali, ba inda za shi sai na gama. Ashe ba ni ce ta farko da suka kawo ba. Jandarma suka je gidan, suka fito da matan da yaran. Hajiya ta riga ta sulale. Ɗan matar Gangara kuwa ya daɗe da tsallaka iyaka.

Na yi 'yan makonni a ɗakin nan na baya. Ba abin da na rasa, amma ba ni da abokin hira. Mutanen majami'ar suna Faransanci da harsunansu, ran Lahadi su yi ta waƙa, ni ina zaune ina tsefe wa ɗiyata kai, ina tunanin gida. Na ɗauka in na dawo kewar ta ƙare.

Daga baya mutanen majami'ar suka sa mu mota, suka kira wani fasto a Agiye, shi da matarsa suka tarbe mu a tasha suka kawo mu har ƙofar gida. Mahaifiyata ta rungume yarinyar tana kuka, ba ta ce mini "ai na gaya miki" ba. Amma gari ya ga wanda ya kawo ni. Kafin kwana biyu an ce na bar salla. Wasu suka ce Allah kaɗai ya san sana'ar da na yi a Agadas. In na isa rijiya sai hira ta mutu. Na je suna, ba wadda ta matsa mini a tabarma, na tsaya jikin danga har na gaji na dawo. Yayana yana amsa gaisuwata ba ya kallona. Ƙuli-ƙulina ma sai baƙi ke saye.

Damana ta sauka, na riƙa tafiya 'yar gonar mahaifiyata da sassafe don kada in haɗu da kowa a hanya. Wata rana sai in yini ban yi magana da babba ba, in ba Inna ba.

Matar faston Agiye ce kaɗai take shigo mini. Ranar kasuwar Cadawa sai ta hau babur ta ƙaraso, da ƙullin zogale ko sabulu. Ta zauna ta taya ni ɓarar gyaɗa, ta tambayi tarin yarinya. Ko sau ɗaya ba ta yi mini wa'azi ba. In lokacin salla ya yi, ita ke cewa, "Tashi, zan riƙe miki ita." Sai dai duk zuwanta ƙarin magana ne a gari. Rannan na daure na ce, "Mama, zuwanki yana ja mini baki."

Ta ce, "Na sani, ɗiyata. In kin ce in daina, zan daina."

Ban ce ta daina ba. In ta daina, wa ya rage? Ta ga haka, ta ce to bari su bi ta wata hanya. Ita da mijinta suka je gaida liman da maigari, suka kwashe labarin gidan nan na Agadas suka faɗa musu. Juma'ar da ta biyo, liman ya ja kunnen mutane kan matan da ke yawo kasuwanni suna ɗibar uwaye da yara. Bai kira sunana ba, amma ya ce wadda Allah ya kuɓutar abar taya murna ce, ko ta hannun wa aka kuɓutar da ita.

Bayan kwanaki wata maƙwabciyarmu, wadda ta fi kowa juya mini baya a rijiya, ta shigo kamar aron turmi. Ta bar zancen turmi, ta ce, "An yi wa matar ɗana irin zancen nan. Don Allah gaya mini gaskiya." Na gaya mata duka. Matar ɗanta ba ta tafi ba. Haka abin ya riƙa sanyi a hankali. Ba wanda ya ba ni haƙuri, kawai dai wata rana na ga an matsa mini a tabarma.

Daga baya aka mayar da faston wani gari, wayata ta ɓace da lambarsu a ciki. Mai wake da shinkafa kuwa ko sunanta ban tambaya ba. Mutanen da suka tsaya mini a lokacin da ba ni da kowa, ba addininmu ɗaya ba, ba su nemi komai a wurina ba, kuma babu ko ɗaya da zan iya zuwa in ce masa na gode. Wannan shi ne abin da yake tsaya mini a rai har yau.

Mahaifiyata ta rasu. Ɗiyata ta girma, tana lakol, har tana gyara mini Faransanci. Kwanan baya suna karatun garuruwan ƙasa, ta ɗago kai ta ce, "Inna, Agadas da nisa? Ni fa ina son in gan ta wata rana." Ba ta tuna komai. Na yi hamdala a zuciyata, don abin da na roƙa mata ke nan. Na ce mata da nisa sosai, na tashi na shiga madafa, na daɗe ina hura wutar da ta riga ta kama.