Guzurin Hannun Hagu

Duk ranar Juma'a nakan tura wa abokaina sunayen tsofaffin finafinai biyu ko uku da za su iya kallo a intanet, irin baƙi-da-farin nan masu tafiyar hawainiya. Suna yi mini tsiya, wai na fi son fim ɗin da mutum zai gama cin tuwo ba a ce uffan ba. Ni kuwa ba a birni na koyi son su ba. A gindin murhun kakata Inna Dije na koya, a Dudunni ta ƙasar Kusada.

A lokacin kaka, in an sauke tuwo, takan tura karan dawa cikin murhu, mu jikoki mu kewaye ta, kowa na tonon gyaɗarsa a toka. Tana da tatsuniyoyin Gizo kamar kowace tsohuwa, amma wadda muka fi naci ita ce ta majigi. Sau ɗaya tak ta taɓa kallon fim, tana amarya, lokacin da aka kawo majigi Kankiya. Ba ta ji yaren mutanen ciki ba, sai ta mai da abin tatsuniya.

"Ga majigi nan, ga majiginku," in ji ta. Mu kuma mu amsa, "Ya zo mu gan shi."

Wai wata mata ce a wata ƙasa mai nisa, tana da ɗa ɗaya tilo da wata farar akuya. Fari ya cinye gonarsu, yaron ya ce zai tafi neman abinci. Ta raka shi tashar jirgin ƙasa, akuyar na biye da su. Jirgi ya fara motsi, ta bi shi da gudu ta miƙa masa ƙullin guzuri ta taga. A nan Inna takan rage murya. "Da hagu ta miƙa mashi. Ni na gani da idona. Wa ka ba ɗa guzuri da hagu, shi dawo?" Daga nan matar ta riƙa zuwa tasha kullum, har kanta ya yi furfura. Inna ba ta taɓa rufe wannan tatsuniya da ƙurunƙus ba. Sai dai ta ce mu je mu kwanta.

Sai da na yi wayo mahaifiyata ta gaya mini dalili. Baffa Sule, ƙanen babanmu, ya tafi ci-rani Kudu tun ban zo duniya ba. Ranar da zai tafi, hannun daman Inna yana cikin zunguru, ta ƙunsa lalle saboda wani biki, ga mota tana jira. Sai ta miƙa masa ƙullin ƙuli-ƙuli da hagu. Bai dawo ba, ba wasiƙa, ba gawa. Tun ranar ba ta sake sa lalle ba, kuma duk nasihar da malamai suka yi mata cewa wannan camfi ne, ta bayan kunnenta ta bi. Ta ɗora wa kanta laifin ɓatan ɗanta, da shi take kwana, da shi take tashi.

Bara ina laluben abin da zan tura wa abokai, na faɗa kan wani tsohon fim. Ga tasha, ga farar akuya, ga mata tana bin jirgi da gudu. Na mayar da wurin baya na sake dubawa, na kuma sakewa. Da dama ta miƙa ƙullin.

Washegari na hau babur daga Kankiya, inda nake koyarwa, ina ta murna zan sauke mata kayan da ta daɗe tana ɗauke da shi. Na tarar da ita a tabarma, idanun sun yi yana, ba halin in nuna mata fim ɗin a waya.

"Maigidan, yau kuma mi ka kawo mani? Ko cehwanen ma ka manta?"

Na ce, "Inna, na samo majiginki. Amma ranar nan a ina kika zauna?"

"Bayan ƙyallen da aka haska majigin mana. Maza ad da gaba, mu mata muka zagaya baya, ai hoton na hitowa ta can ma."

Na yi mata bayani a hankali. Wanda ya zauna bayan ƙyalle komai a juye yake ganinsa, dama ta koma hagu. Matar nan da hannun dama ta ba ɗanta guzuri.

"Ya dawo?"

Na ce bai dawo ba.

Ta daɗe tana shafa tafin hannunta na hagu da babban yatsa. Na zaci za ta yi hamdala. Sai ta ce, "Ashe ko da dama aka ba su, ba su dawowa." Can kuma ta ƙara, "Da ka bar ni da haguna, Maigidan. Ko ba komi na san abin da ya ɗauke mani shi."

Ban taɓa jin baƙin ciki irin na wannan yammacin ba. Ta rasu bayan ƙaramar salla, ba mu sake tayar da maganar ba.

Muna yara mun ɗauka darasin tatsuniyar shi ne kada a ba mutum abu da hagu, har mukan doke hannun juna a kan haka. Yanzu na gane abin da take riƙe da shi. Uwar da ta ce laifinta ne, tana da hannu a cikin labarin ɗanta, ko da mummunan hannu ne. Wannan ɗan abin kaɗai ya rage mata na Baffa Sule, ni kuma na zo da gaskiyata a kan babur na karɓe shi.