Igiyar Kyaftin Shinozaki

Shinozaki Genzaburo ɗan masunci ne daga wani tsibiri kusa da garin Kure, amma tun da ya sa farin kaki ya manta warin kifi. Shekara ashirin da takwas ya yi a sojan ruwa, har ya zama kyaftin na babban jirgin yaƙi, da mutum ɗari bakwai a ƙarƙashinsa. Ga shi da son wa'azi. Duk sabon hafsan da aka turo masa sai ya tsayar da shi ya karanta masa al'ada: in jirgi zai nutse, kyaftin yakan ɗaure kansa a ɗakin tuƙi su tafi tare.

Ranar ta zo masa da hantsi, a shekara ta uku ta yaƙi: abokan gaba suka harbi jirgin, ya fara nutsewa. Ya umarci kowa ya faɗa ruwa, ya jawo igiya ya kewaya ƙugunsa. Matuƙinsa Okabe ya ce, "Ranka ya daɗe, in kana nan ina nan," ya ɗaure kansa tamau. Shi kuwa mai wa'azin, ɗaurin masunta hannunsa ya yi, wanda fizga ɗaya ke kwancewa. Da ruwa ya kai masa haɓa ya fizga. Abokan gaba ne suka tsamo shi kamar jiƙaƙƙen tsumma.

A gida an riga an kai wa matarsa farin akwati, babu komai ciki sai takarda mai sunansa. An ƙara masa girma irin na mamata, 'yan tsibiri sun kafa masa dutsen tunawa. Bayan shekara biyu sai ga gawa ta sauko daga kwalekwale da ƙafafunta. Ya ce fashewar jirgin ce ta wurga shi waje, aka yarda. Ya koma shanya ciyawar teku, yana bin bayan gari don kada ya wuce ta gaban dutsen.

"Kyaftin, ya kwanan kabari?" in ji tsofaffin masunta. Sai ya rusuna ya wuce.

Tsokanar ba ta dame shi ba. Harue ce damuwarsa, matar Okabe. Duk shekara, lokacin bikin tunawa da matattu, takan kawo masa curin shinkafa da wake mai zaƙi, ta ce, "Kai ka ga ƙarshensa, ci." Yana ci kunya na cinsa, don ya san haƙƙinta ne ta ji gaskiya, ya kuma san in ya faɗa mutuncinsa ya ƙare.

A shekara ta goma sha ɗaya ya kasa haɗiyewa. Ya kifa goshi a tabarma.

"Malama Harue, ba fashewa ba ce. Ni na kwance kaina. Mijinki ya tsaya ne don ya ga na tsaya."

Ta ci gaba da ninke ƙyallen da ta naɗo kwanon.

"Na sani, Kyaftin. Mai dafa muku abinci yana cikin ruwa, ya gan ka. Tun kafin ka dawo ya gaya mini."

"To, me ya sa kike kawowa?"

"Ina so in ga shekara nawa za ka iya ci." Ta miƙe ta sa takalmanta. "Cinye, ka ba ni kwanona. Baɗi ba zan zo ba."