Shafi Sha Shida na Ƙarshe

Baba Mai Allura ake ce masa, don sana'arsa ɗinke littattafan da suka yage. Shagonsa ɗan lungu ne a ƙarƙashin bene, daga teburi sai tukunyar gam da zare. Hali ɗaya gare shi mai ba masu kawo aiki haushi: ba ya mayar da littafi sai ya karance shi. In kuwa labarin daulolin Afirka na dā ne, to ka haƙura sai wata mai kamawa.

Shekara talatin ke nan da wani ya kawo masa irin wannan littafi, bai dawo ɗauka ba. Labarin wani maƙeri ne da aka kama a yaƙi, ya tsere ya nufi gida. Yana isa bakin kogi littafin ya ƙare, shafi sha shida sun ɓace. Baba ya yi cigiya har masu sayar da tsofaffin littattafai suka fara kauce masa. Ga ido ya soma rauni. Tsoronsa ɗaya, kada ya bar duniya bai san ko maƙerin ya haye ba.

Ran nan da hantsi sai ga mai maɗaba'a da kaya a bayan babur.

"Baba, tsofaffin littattafanmu muke sake bugawa. Kai za ka ɗinke wannan."

Baba ya kai takardar farko dab da hancinsa. Littafin nan ne! Ya zaro babbar takardar ƙarshe, ko ninke ta ba a yi ba, ya ruga gida da takalmi ƙafa ɗaya.

"Mamar yara, bar wankin nan, karanta mini!"

Matarsa ta goge hannu, ta shimfiɗa takardar, ta fara daga inda idonta ya faɗa. "Wayyo Malam, an ce kogi ya cinye shi." "Af, nan kuma yana hura wuta. Nan rubutun ma a kife yake. Wannan marubucin lafiyarsa kuwa?"

Sai Baba ya dafe kai. Kash! Shi da ya tsufa a sana'ar, zumuɗi ya mantar da shi cewa shafukan babbar takarda ba sa bin juna sai an ninke. Ya ninke ta sau uku, ya tsaga bakin da wuƙar yankan albasa, ya miƙa mata.

Ta karanta a jere. Ashe kwalekwalensa ne kogi ya cinye, maƙerin iyo ya yi.

Baba ya yi waje da gudu. "Ya haye! Wallahi ya haye!"

Tela maƙwabcinsa, wanda ya sha jin labarin har ya haddace, ya leƙo da almakashi a hannu. "Maƙerin?"

"Shi mana!"

"Alhamdu lillahi," in ji tela. "Shekara talatin muna tsaye a bakin kogin nan."