Sunan 'Yar Fari

A farkon shekarun casa'in aka tura ni wani ƙaramin asibiti a ƙasar Tudun Wada, irin na sha-ka-tafi, ɗaki biyu da baranda da darbejiya a ƙofa. Ni 'yar Bebeji ce, ma'aikaciyar lafiya, kuma a lokacin kaina yana hayaƙi, don ban daɗe da dawowa daga wani kwas a Kano ba. A can wani likitan ƙwaƙwalwa ya koya mana yadda ake kula da yara da matasa masu damuwa. Abin da ya nanata ba shi da yawa, amma ya ce an gwada shi a wurare da dama an ga yana aiki. Kada a yi saurin ɗura wa yaro ƙwaya, a zauna a saurare shi. A tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin halaka kansa, don tambayar ba ita ke kawo tunanin ba. A mayar da shi kan ƙananan ayyukan da ya saba, a riƙa ganinsa a kai a kai. Sannan babban abin, a jawo uwa ko uba su zauna su yi magana da shi. Na haddace duka, na dawo ina ganin babu abin da zai gagare ni.

Shugaban asibitin, wanda kowa ke kira likita ko da yake ba likita ba ne, mutumin kirki ne mai son allura. Ba laifinsa ba ne kacokan, jama'a ma ita suke so. Wanda aka sallama ba a tsira masa allura ba gani yake an raina ciwonsa. Da na ba shi labarin kwas ɗin sai ya yi dariya ya ce, "To Malama, wa zai taso tun daga ruga ya zo ki yi masa hira? Hira ai akwai ta a gida." Na ji haushi ƙwarai. Ashe akwai gidan da babu ita.

Wata ranar kasuwa, bayan damina ta ja baya, wata Bafulatana dattijuwa ta shigo riƙe da hannun yarinya da ba za ta wuce sha huɗu ba. Goggon yarinyar ce, ba ƙanwar mahaifinta ba, yayarsa, a wajen Doguwa take aure, ta zo ta ɗan zauna da su. Su kuma iyayen a wata ruga kusa da Burumburum suke, suna kiwo suna noma. Yarinyar ta rame har awarwaron hannunta yana zamewa zuwa gwiwar hannu. Kitsonta ya tsufa, idonta na ƙasa. Goggon ta ce tun tsakiyar damina ta daina ci sai an matsa, ta daina magana, ta daina kai nono kasuwa. An yi rubutu an yi turare, shiru. Suna so a yi mata allurar ƙarin jini.

Na tambayi abin da ya faru a tsakiyar daminar. Goggon ta rage murya. Yarinyar da ƙaninta suna tsaron maruƙa a bakin rafi, ɗan maraƙi ya tsallaka, yaron ya bi shi, ambaliya ta sauko daga saman rafin ta tafi da shi a kan idonta. Sai washegari aka tsinci gawarsa.

Na roƙi shugabanmu ya bar mini ita, ya ɗaga kafaɗa ya ce bismilla. Na kai ta ɗakin baya inda muke ajiye kwalaye, na shimfiɗa tabarma. Zuwan farko ba ta ce uffan ba, ni kaɗai na yi ta surutu kamar rediyo. Na ce wa goggon ta dawo da ita kasuwa mai zuwa, na kuma ba su ƙwayar ƙarin jini, don yarinyar tana buƙatarta, kuma don na san in ban ba da wani abu a hannu ba ba zan sake ganinsu ba. Suka dawo. Suka sake dawowa. Wata rana ina ɓare mata gyaɗa sai na ji ta ce, can ƙasa-ƙasa, "Shi yake ɓare mini."

Daga nan magana ta fara fita kaɗan-kaɗan. Ita ce 'yar fari. Kakarta ta riƙe ta tun daga yaye, a ɗakinta ta girma, da ita take wasa da tsokana, sai bara kakar ta rasu ta dawo ɗakin mahaifiyarta. Na daure na yi mata tambayar da aka koya mana. Na ce ko takan ji gara ma a ce ba ta duniya. Ta ce takan je bakin rafin ta tsaya. Na ce me ya sa. Ta ce, "Inna ba ta yafe mini ba."

Na ce ita ta faɗa mata haka? Ta girgiza kai. "Ba ta ce mini komai ba. Tun ranar ba ta ce mini komai ba."

Na ce to kafin ranar fa? Kafin in rufe baki na gane amsar da kaina.

Ni Bahaushiya ce, na san kunyar ɗan fari. Mahaifiyata har ta koma ga Allah ba ta taɓa kama sunan yayanmu ba, sai dai ta ce "wancan". Amma ta Fulanin ruga ta fi tamu tsanani nesa ba kusa ba. Uwa ba ta kiran sunan 'yar farinta, ba ta zama kusa da ita, ba ta nuna damuwa da ita a gaban mutane, ko ciwo take yi sai dai ta aika wani ya duba. Wannan ba ƙiyayya ba ce, mutunci ne a wurinsu, macen da ta karya shi abin zunɗe ce. Lokacin da lafiya lau ake, shirun nan bai taɓa damun yarinyar ba, tana da kaka, tana da ƙane. Yanzu duka biyun babu su, sai shirun kaɗai ya rage, ita kuma ta ɗauke shi a matsayin hukunci. Likitanmu na Kano ya ce a jawo uwa ta yi magana. Bai gaya mana yadda za a yi da uwar da maganar ce ma abin kunya a wurinta ba.

Na gaya wa goggon kada a bar yarinyar ita kaɗai, kada a sake aikenta wajen rafi, a ba ta ƙananan ayyuka a tsakar gida. Na kuma aika ta da saƙo cewa ina son ganin uwar. Ba ta zo ba. Na sake aikawa, aka kawo mini ƙwaryar man shanu da gaisuwa. Raina ya ɓaci, na ce ni ba man shanu na nema ba. Wata Asabar na shiga motar kasuwa zuwa Burumburum, na ƙarasa da ƙafa ta cikin gonakin dawa.

Na tarar da ita a gindin bukka tana burga nono. Mace ce siririya, ba ta girme ni da yawa ba, fuskarta duk ta zabge. Muka gaisa, gaisuwa mai tsawo, na yi mata ta'aziyya. Yarinyar tana can nesa da goggonta suna tsince wake. Na ce, "Inna, wajenki na zo, a kan 'yarki."

Ta kawar da kai ta ce, "Ai goggonta na nan."

Na ce, "Ba goggonta take nema ba. Gani take kin ɗora mata laifin mutuwar ƙaninta. Har bakin rafin takan je ta tsaya."

Maburgin ya tsaya cak a hannunta. Ta ce, "La'ilaha illallahu. Ni? Wane laifi? Kwana ne ya ƙare." Ta ce ita ce take dama furar da goggon ke kai mata, ita take zuba mata man shanu fiye da na kowa, kuma tun da abin ya faru ba ta taɓa barin ta ta fita ba tare da ta bi ta da ido ba.

Na ce, "To ki gaya mata."

Ta ce, "Malama, ke ki gaya wa waccan."

Na ce na gaya mata har bakina ya gaji, ba daga bakina take son ji ba. Na ce ba hira nake nema ba, ta kira ta kawai, ta ce zo nan, ba laifinki. Ta dube ni kamar na ce ta tuɓe a kasuwa. "Da wane bakin? Ga surukaina, ga mutanen ruga. Ni ba a haife ni a inda ake haka ba." Ni kuwa zuciya ta ɗebe ni na ce, "To mutanen rugar ne za su haifa miki wata?" Ta sunkuyar da kai, hawaye yana ɗiga a gefen ƙwaryar. Na tashi na tafi ina huci.

A hanya na yi ta saƙe-saƙe. Abin da aka koya mini gaskiya ne, na gani da idona, yarinyar ta fara cin abinci tun da ta samu mai saurarenta. Amma rabin maganin yana bakin matar da ba za ta iya buɗe shi ba, kuma ni ba ni da ikon sauya abin da ta gada. Wannan abu ya tsaya mini a rai, har yau kuma bai sauka ba.

Ba a yi nisa ba goggon ta zo mini da labarin da ya ƙarasa kashe mini jiki. Maza sun zauna sun yanke shawara, tunda rafin ne matsala, a raba ta da shi. Goggon za ta tafi da ita Doguwa ta riƙe ta. A wurinsu wannan gata ne. Na ce a can wa zai riƙa ganinta? Babu. Duk yankin ban san wani da ya je kwas ɗin ba sai ni. Na roƙi a jinkirta, goggon ta ce mijinta ya gaji da jira, kaka ta yi, aiki na can. Da na keɓe da yarinyar na tambaye ta yadda take ji, sai ta ce, "Ai na san za ta kore ni." Na rantse mata ba haka ba ne. Ta dube ni irin kallon da ake wa mai son ya faranta maka rai. Abin da na iya shi ne na zaunar da goggon na koya mata abin da na sani: ta saurare ta, ta sa mata ido, ta ba ta aiki, kuma in ta ga abin ya tsananta kada ta tsaya jira, ta kawo ta.

Ranar kasuwar Tudun Wada suka tafi. Na bar baranda cike da mutane, shugabanmu yana harara ta, na bi su tasha. A-kori-kura ce, an loda buhuna, mutane sun hau kai. Goggon ta hau, aka miƙa mata yarinyar da ɗan ƙullin kayanta. Can gefe, a layin masu nono, na hango uwar zaune a bayan ƙwaryarta tare da matan rugarsu. Ko inda motar take ba ta kalla ba, tana ta gyara faifai a kan ƙwarya wanda ba ya buƙatar gyara. Na ji kamar in je in girgiza ta.

Direba ya tayar da mota, ta fara mirginawa. Sai na ji an ƙwala kira. Uwar ce, a tsaye, faifan ya faɗi ƙasa, ta kira sunan 'yarta da ƙarfi a tsakiyar kasuwa. Matan da ke gefenta suka rufe baki da mayafi. Ba ta ƙara komai a kai ba, sunan kawai.

Daga baya na samu labari daga masu zuwa cin kasuwa cewa yarinyar tana raye, tana ci, tana taya goggonta tallan nono, amma magana sai jefi-jefi. Shekara ta zagayo aka mayar da ni ƙasar Kiru, labarinta ya yanke mini. Ban san ko ta warke ba, ban kuma san ko ta taɓa yarda cewa ba korar ta aka yi ba.

Abin da na sani shi ne abin da na gani a tashar nan. Ta ji kiran. Ta ɗago kai daga saman buhuna ta juyo da sauri. Ta dube ni, ta dubi masu tsire, ta dubi 'yan kamasho, tana neman wanda ya kira ta. Kowa ta duba ban da uwarta, don ba ta taɓa jin sunanta da wannan muryar ba. Uwar tana tsaye, hannunta a ɗage, har motar ta sha kwana.