Hannun Tafireta

Shekara goma sha tara na yi ina buga takardu a ofis a Kazaure, kuma a kan tafireta na koyi aikin. A tafireta, in ka kai ƙarshen layi ƙararrawa za ta yi ƙara, sai ka tura ƙarfen gefe ka dawo farkon sabon layi. Da kwamfuta ta zo, hannuna bai bar ɗabi'ar ba. Duk lokacin da na ga rubutu ya kusa bakin takarda, sai ɗan yatsana ya danna maɓallin sauka layi. Ba wanda ya taɓa gaya mini cewa kwamfuta da kanta take naɗe layi, ni kuwa ba mai tambaya ba ne, girman kai ya yi mini yawa.

Kawuna, tsohon malamin firamare a Roni, ya rubuta tarihin unguwarsu a littafin makaranta guda uku: rijiyoyin da aka haƙa, da waɗanda suka fara zama a gindin dutse, da shekarar da fara ta cinye gero. Yana so a mayar da shi ɗan ƙaramin littafi ya raba a taron zumunci. Na buga masa shi tsaf a babbar takarda, na zuba a filash, na kai shagon wata mata 'yar Filato da ke buga littattafai kusa da tasha. Kowa Madam yake ce mata. Mutanen Roni da Gwiwa kusan duk wurinta suke kai aikin biki da na makaranta.

Da ta zuba rubutun a ƙaramin shafi, sai ya kakkarye. Layi ɗaya cikakke, na ƙasansa kalma biyu, sannan wani cikakke, haka har ƙarshe, kamar haƙoran tsoho. Na ɗauki samfurin ban ko duba ba na kai wa Kawu. Ya ɗaga shi kusa da ido, ya ce, "Ɗana, waƙa ka mayar mini da shi?" Kunya ta kama ni, nan take na ce ai matar nan ce ta ɓata.

Washegari na je shagon da zafina. Akwai mutane huɗu a zaune a benci suna jiran aikinsu, a gabansu na ce mata in ba ta iya aiki ba ta faɗa, kada ta riƙa lalata wahalar mutane. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Malam, zagayo nan ka gani." Ta juya allon yadda mutanen benci ba za su hango ba, ta danna wani maɓalli da ke fito da alamomin da ido ba ya gani. A ƙarshen kowane layi sai ga wata 'yar alama tsaye, ɗaruruwansu, ko'ina na danna da hannuna.

"Kowace ɗaya umarni ce," in ji ta a hankali. "Ko shafi ya ƙanƙance, dole layin ya karye a nan."

Sannan ta gyara ina kallo. Inda alama biyu suka haɗu, wato ƙarshen sakin layi na gaske, ta sa alamar tauraro ta riƙe wurin. Sauran ta umarci kwamfuta ta mayar da su tazara gaba ɗaya, ta koma kan taurarin ta mayar da su alama bibbiyu yadda suke a da. Ko minti biyar ba ta yi ba rubutun Kawu ya kwanta. Ta ce da ni, da ƙarfi yadda kowa zai ji, "An gyara, Malam, ka yi haƙuri da jinkiri." Na ce ba komai. Ni ne na ce mata ba komai.

Ranar taro a Roni an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, littattafai na yawo hannu da hannu. Kawu ya miƙe da sandarsa ya yi godiya, sai ya nuna ni. Ya ce ba don wannan ɗan nasa ya tsaya tsayin daka ba, da matar can ta tasha ta mayar da aikin shekara uku shirme, don haka mai takarda ya san inda zai kai. Wani shugaban makaranta da ke kusa da ni ya gyaɗa kai, ya ce dama takardun jarrabawar zangon nan wurinta ya yi niyyar kaiwa, amma ya fasa.

Jimla ɗaya ce ta rage gare ni, in ce laifin nawa ne, kuma na san ta. Na buɗe baki, sai na ga duk idanu a kaina ana sa mini albarka. Na sunkuyar da kai na ce amin.

Yanzu na daina danna maɓallin nan sai a ƙarshen sakin layi, har na koya wa abokan aiki dabarar tauraro, suna yaba mini basira. Kawu ya rasu bara bai san gaskiya ba. In zan je tasha, ta bayan masu kifi nake zagayawa, ko da hanyar ta fi nisa.